Ranar da Na Bi Umarnin Kawu

Kawuna Manjo ne, kuma ko da wasa ba ka isa ka kira shi Alhaji ba, duk da ya je Makka sau biyu. Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki aka yi mashi ritaya tare da duk hafsan da ya taɓa ɗanɗana kujerar mulki, shi kuwa ya ɗanɗana da kyau, don ya yi kantoma a wata ƙaramar hukuma. Ya dawo gidanshi na Ƙofar Durbi babu jiniya, babu odale mai yi mashi hidima, babu mai rugowa ya buɗe mashi ƙofar mota. Makon farko sai direban haya ya tsaya, Kawu ya yi zaune a baya yana jira, har sai direban ya waiwayo ya ce, “Baba, an iso fa.”

Abu ɗaya ya rage mashi, majalisa. Kullum bayan la'asar tsofaffin ma'aikata da 'yan kasuwa da wani malamin makaranta mai tsokanar tsiya sukan zauna a dakalin da ke kallon shagona. Kowa a kan tabarma ko benci, Kawu kaɗai ke da kujera mai katifa, kuma ko bai fito ba babu mai hawanta. Da an taɓo zancen tsaro, ko juyin mulki a wata ƙasa, ko wani yaƙi da aka ji a rediyo, sai kowa ya juya: “Manjo, me ka gani?” Ya gyara zama, ya ɗora sandarshi ta hafsa a cinya, ya fara. Da wannan tambayar yake rayuwa, wallahi. Fansho yana ciyar da gidan, shi kuwa “Manjo, me ka gani?” ke fito da shi daga ɗaki.

Na san abin da majalisa ba ta sani ba, don mahaifiyata ƙanwarshi ce, kuma ba ta iya riƙe magana. Duk aikinshi a soja fareti ne da tarbar manyan baƙi. Ya san inda gwamna zai tsaya, ya san taku nawa ne daga mota zuwa rumfa, ya san wanda za a fara sara wa. Harsashi kuwa bai taɓa jin ƙararshi ba sai a filin koyon harbi.

Ni a lokacin na bar aikin tafireta a wata ma'aikata, na buɗe shagon buga takardu da fotokofi. Ina da mata da ɗiya biyu, amma a bakin Kawu ni “ɗan nan” ne. Na sayo kwamfuta biyu na hannu, sai na tarar wanda ya sayar da su ya bar wani wasan yaƙi a ciki. Ana ba ka fili da sansani, ka gina bariki, ka fitar da sojan ƙasa da tankoki da igwa mai harbi daga nesa. Abokin gabarka yana can wani lungu na taswirar yana yin irin naka. Da maus, 'yar robar nan da ake ja a kan tebur, kake zagaye sojanka, ka danna inda kake so su je ko wanda kake so su harba. Abin da ya sa wasan ke cin rai shi ne ba a jiran kowa. Ba dara ba ce da za ka yi tagumi kana tunani abokin wasa yana jiranka. Kana sosa kai ana kashe maka mutane.

Na sha kashi a hannun kwamfuta kafin in gane kan abin. Ba a tura runduna a dunƙule. Kana raba ta rukuni-rukuni, ka ba kowane rukuni lamba, da ka danna lambar sun zo hannunka. Tankoki a gaba su sha wuta, igwa a baya, sojan ƙasa a gefe. Ka tura mota guda mai gudu ta leƙo maka kafin ka motsa. Kowa ya haɗu a kan abu ɗaya a harbe shi ya mutu, kafin a koma kan na biyu. Wanda ya ji rauni ka janye shi a gyara. Ido ɗaya kuma kullum yana kan ƙaramar taswirar da ke kusurwa, don ta nan ake ganin ɓarawon da ya zagayo ta baya.

Wata rana Kawu ya shigo a yi mashi fotokofin takardun fansho, ya ji ƙarar harbi, ya leƙo. Ya daɗe a tsaye. Can ya ce, “Wa ya jera maka mutanen nan haka kamar 'yan kasuwar Laraba? Kawo mini kujerata.”

Daga ranar aka kafa tsari. Kawu ba ya taɓa maus. Haba, Manjo guda? Hafsa ba ya riƙe sitiyari, ba ya riƙe alƙalamin rubuta wasiƙa, balle wata roba mai igiya. Yana zaune bayana da sanda yana nuna gilashin kwamfuta, yana ba da umarni, ni ina cewa “An gama, ranka ya daɗe.” Umarnin kuwa, tabɗi! A jera tankoki sahu uku a gaban hedikwata ya duba su. Waɗanda suka fi ƙarfi su tsaya gadin gida, don ba a barin shugaba babu tsaro. In za a fita, a fita a jere, mota bayan mota, tazara daidai. Ja da baya haramun ne, soja ba ya gudu. Motar leƙe kuwa ya ce rashin ɗa'a ne ƙaramar mota ta riga manya fita.

Da na bi wannan, da kwamfuta ta gama da mu kafin a ɗaura alwala. To ban bi ba. Bakina yana cewa an gama, yatsuna suna yin abin da ya dace. Idon Kawu bai saba da gilashi ba, in abubuwa suka cakuɗe ba ya bambanta namu da nasu. Babban abin da ya rufa mini asiri kuwa gaisuwa ce. Shagona a bakin hanya yake, kuma a Katsina ba a wuce dattijo da ɗaga hannu. Duk wanda ya leƙo, sai Kawu ya juya gaba ɗaya, ya ba da hannu: an wuni lafiya, ya gida, ya iyali, ya gajiya, ya mai jiki, ya muka ji da zafi, ina labarin su wane, to madalla, a sake komowa kan ya gida. Kafin a kai “a gaida mutan gida” na raba runduna uku, na zagaya da igwa, na rushe wa kwamfuta bariki. Ya juyo ya tarar da wuta tana ci a sansanin abokan gaba, ya buga sanda a ƙasa ya ce, “Ka gani? Tsari!”

Sai ya tsallaka majalisa ya ba da labari. Yadda ya yi masu ƙawanya, yadda ya karanta zuciyar injin. Ban damu ba, har daɗi nake ji. Mutumin da ya dawo gida yana tafiya kamar an zare mashi laka, ga shi ya koma sa sitati a kaftani. Mahaifiyata ma ta ce in ci gaba da duk abin da nake yi mashi, ya daina yi wa matanshi tsawa a kan gishiri.

Akwai wani Bafulatani daga wata ruga gefen Batagarawa da ke zuwa ina buga mashi takardar koke a kan burtalin shanunsu da aka nome. Magidanci ne, siriri, ba ya son magana. Takardar koke ba ta ƙarewa, yau a ce a gyara, gobe a ce a kawo kofi biyar, don haka ya zama ɗan shago. Wata rana yana jira yana kallona ina wasa ni kaɗai, sai ya ce, “Malam, me ya sa ka tura su duka kan gadar nan? Ba a cusa garke ta mashigi ɗaya. Na gaba ya tsaya, na baya ya hau shi.” Na kalle shi. Abin da ya ɗauke ni wata guda ina shan kashi, shi ya gani a zama ɗaya. Na koya mashi riƙon maus. Makon farko yana kama shi kamar zai tsere, a wata na biyu na haɗa kwamfutocin da waya muka kara, ya ci ni sau biyu cikin biyar. Idonshi ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana gefe-gefe, yana lissafin wanda ya ware da wanda ya rage a baya. Tankar da ta ji rauni kuwa yana janye ta da tausayi, har da tsaki.

Malamin makarantar nan ne ya haɗa fitinar. Wata Alhamis ina fotokofi, ƙofa a buɗe, na ji ya ɗaga murya: “Manjo, an ce akwai wani mai shanu da ke cin injin nan kamar tuwo. Ko za ku gwada?”

Kawu ya yi dariya ya ce a kawo shi ranar Asabar.

Malam bai ƙyale ba. Ya ce, “Amma fa wasu na cewa hannun ɗan ƙanwarka ne ke aikin.”

“Wa? Ɗan nan?” Kawu ya nuno ni da sanda daga tsallaken hanya. “Tafireta ne fa. Abin da aka faɗa mashi yake bugawa. Wannan ko akuya biyu ka ba shi ya kai Ƙofar Sauri, sai an bi shi da cigiya. Farar hula me ya sani ban da cika takarda? Yatsa ne kawai, kai yana nan.” Ya taɓa hularshi.

Aka fashe da dariya. A shagona akwai mata biyu ma'aikatan asibiti da ke jiran takardunsu, su ma suka rufe baki da gyale. Raina ya ɓaci, ɓacin da har yau ban manta ba. Wata huɗu ina ɗauke da mutumin nan a bayana. Na ce a zuciyata, to shi ke nan, tafireta ne ni, ranar Asabar zan buga abin da aka faɗa mini, ko waƙafi ba zan ƙara ba.

Ranar Asabar bayan la'asar na cika janareto da mai, na juya kwamfutocin baya da baya. Majalisa gaba ɗaya ta tashi ta dawo shagona, waɗanda ba su samu wuri ba suka maƙale a taga. Kawu ya zo da farin kaftani mai kaifin guga, da sandarshi, an riga an shigo mashi da kujera. Bafulatanin ya jingine sandarshi a bango, ya durƙusa ya gaida Kawu, ya ce, “Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa, ni ban san komai ba.” Kawu ya ce kada ya damu, ba za a wulaƙanta shi ba.

Aka fara. Muka gina bariki, tankoki suka fara fitowa.

“A jera su sahu uku a gaban hedikwata.”

“An gama, ranka ya daɗe.” Na jera su. Wallahi na jera su da kyau, ko zare ka ja ba za ka samu karkata ba. 'Yan majalisa suka ce kai, ka ga aikin soja. Kawu ya bi su da sanda ɗaya bayan ɗaya, ya ce ta ukun a sahu na biyu ta ɗan fito, a mayar da ita. Na mayar.

Wata 'yar mota ta Bafulatanin ta zo ta zagaya mu, ta ƙare mana kallo, ta juya. Kawu ya ce a ƙyale ta, ta je ta faɗa wa maigidanta abin da ta gani. Ta kuwa faɗa.

“Manyan tankoki shida su tsaya gadin gida. Saura su fita a jere, ta gada. Igwa a gaba, a san da zuwanmu.”

Igwa a gaba! Abin da ba ya iya kare kanshi in an matso kusa. Yatsana ya yi nauyi a kan maus, don hannu ya saba da gyara. Na cije na tura su yadda ya ce, mota bayan mota, tazara daidai, kamar rakiyar gwamna zuwa buɗe rijiyar burtsatse.

Na gaba suna hawa gada sai ga sallama. Wani Alhaji ne mai sayar da taki, babban mutum a unguwa, ya ji labari ya zo kallo. Kawu ya miƙe, ya juya wa kwamfuta baya, ya ba da hannu biyu. An wuni lafiya? Ya gida? Ya kasuwa? Ya mai jiki, an sallamo ta? Ni kuma na ɗauke hannuna daga maus, na ɗora a cinya.

Ina kallo aka buɗe masu wuta daga gefe biyu. Bafulatanin ya ɓoye tankokinshi a bayan duwatsu hagu da dama, igwarshi tana can nesa. Ta gaba ta kama wuta ta toshe gadar, na baya suka taru a kanta, ba gaba ba baya. Yana ɗaukar su ɗai-ɗai, duk bindigoginshi a kan guda, in ta fashe ya koma ta kusa da ita. Alhaji ya leƙa ya gaishe shi shi ma. Mutumin ruga dama ba ya kallon babba a ido in ana gaisawa, sai ya sunkuyar da kai yana “lafiya, lafiya lau, madalla,” idonshi a kan gilashi, hannunshi yana aiki. Babu wanda ya ga rashin ladabi a ciki.

Malamin makaranta ya yi ihu, “Manjo, ana cin mutanenka!”

Kawu ya ɗaga mashi hannu, wai a bari ya gama. Sai da ya tambayi Alhaji labarin ɗanshi da ke karatu a Zariya, sannan ya juyo. Rabin rundunar ta zama baƙin hayaƙi.

“Kai! Me kake yi? Me ya sa ka tsaya?”

“Ba a ba ni umarni ba, ranka ya daɗe.”

Ya dube ni, na dubi gilashi. Ya ce a ci gaba, a kutsa. Wani daga taga ya ce a janye su mana a sake shiri. Kawu ya ce soja ba ya ja da baya. Na ce an gama, na tura sauran cikin wutar. Ko minti biyu ba su yi ba.

A ƙaramar taswira na ga ɗigo-ɗigo ja suna zagayowa ta bayan sansaninmu, inda babu ko kare. Na gani sarai. Da na ce “Kawu, baya,” da wataƙila an tsira da wani abu. Amma ba a tambaye ni ba. Suka shigo suka fara rushe bariki, manyan tankokinmu shida suna gaban hedikwata a jere, sun ba su baya, suna gadin ƙofar da babu mai zuwa ta cikinta.

Nan Kawu ya rikice. Hagu! A'a, dama! Ku juya! Wa ya ce ku juya? Duk abin da ya faɗa na yi, a kan lokaci, tankoki suna ta juyi a wuri ɗaya. Sai ya ture ni, ya fizgi maus da kanshi, karo na farko. Ya ɗaga shi sama, ya nuna wa gilashin kamar rimot, yana dannawa, yana girgiza shi. Babu abin da ya motsa. Igiyar kawai ke ta lilo.

Malamin makaranta ne ya fara fashewa, sai taga ta ɗauka, sai shagon gaba ɗaya. Alhaji mai taki yana dariya yana share hawaye da hannun riga yana cewa a yi haƙuri. Hedikwata ta rushe, rubutun faɗuwa ya fito. Bafulatanin ya miƙe, bai yi ko murmushi ba, ya durƙusa ya ce, “Sa'a ce, ranka ya daɗe,” ya ɗauki sandarshi ya fita. Cikinmu duka shi kaɗai ya ji kunya.

Aka kira magariba, mutane suka watse suna maimaita yadda aka ɗaga maus. Kawu bai tashi ba. Na kashe janareto, shagon ya yi tsit. Ina jiran zagi, na ma shirya amsa, har da ta akuya biyu.

Ya ce, a hankali, “Da can ba ka bin abin da nake faɗa?”

“Ba na bi, Kawu.”

“Ko sau ɗaya?”

“Yau ne kawai.”

Ya jinjina kai. Sannan ya ce, “Akwai wani saje da na yi aiki da shi shekara da shekaru. Komai na ce, sai ya ƙame ya ce an gama. Kuma komai yana tafiya daidai.” Ya juya sandar a hannunshi. “Har lambar yabo aka ba ni.”

Ya tashi ya tafi masallaci, ya bar ni ina naɗe waya.

Na ɗauka abin na kwana biyu ne, a yi dariya a manta. Ni so nake ya ji zafi na yamma ɗaya, kamar yadda na ji. Kawu bai daina fitowa majalisa ba, don ba shi da wani wurin zuwa, kuma babu wanda ya yi mashi rashin kunya. Ana gaishe shi, ana ba shi wuri. Amma ba ya ƙara buɗe baki a kan yaƙi, su ma ba sa nema.

Bayan kamar wata guda aka ji a rediyo soja sun yi yunƙurin ƙwace mulki a wata ƙasa maƙwabciya, ana ta harbe-harbe a babban birninsu. Na rufe shago na tsallaka in ji labari, na tsuguna a gefen tabarma. Gardama ta yi zafi, wasu na cewa masu tawaye za su kama gidan rediyo, wasu na cewa ba su isa ba. Na ga Kawu ya gyara zama, ya ɗan yi gyaran murya. Malamin makaranta ya ɗaga hannu ya ce a tsaya a tambayi wanda ya san abin. Babu tsokana a muryarshi, da gaske yake, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ya tsallake Kawu da ido, ya juyo wurina ya ce, “Malam, kai me ka gani?”

Kowa ya juyo yana jirana. Kawu ma ya juyo.